Iskar Garinmu

"Saura kaɗan, Eusebio," na ce wa mijina, mota tana ta hawan dutse.

"Wai rataye garin nan naku aka yi a sama, Nélida?" Haki yake, leɓensa ya yi shuɗi.

"Tauna ganyen koka ka samu ƙarfi, raggo. Iskar garinmu magani ce."

Shekara ashirin yana jibgata a gidansa na bakin tekun Peru, yana kirana jakar kan dutse, wai dabba ce ni. Bai taɓa taka garinmu ba sai yau da ciwon zuciya ya karya masa lago.

Kafin mu taso, ni kaɗai likita ya ja gefe ya ce, "Uwargida, kada ya kuskura ya hau tudu. Iskar can ta yi wa zuciyarsa kaɗan."

Garinmu mita dubu huɗu yake sama da teku. Tikitin dawowa ɗaya na yanka.