Ɗan Mai Lamba Tara

Hannunsa kawai na saki don in gyara goyo, sai na nemi yarona na rasa a cunkoson ƙofar filin wasa. Shekararsa uku, ko sunansa bai iya faɗa daidai ba.

Na cafki rigar mai gadi. "Don Allah Malam, taimaka! Ɗan mai lamba tara ne, ɗan wasan gabanku!"

"Wane mai lamba tara? Baiwar Allah, matsa."

Shekara da shekaru mijina yana buga wa ƙungiyar nan, amma ko mai gadinsu bai san shi ba. Na kutsa ina kiran yaron har muryata ta dushe. Ban ankara ba sai ga ni cikin magoya bayan abokan hamayya, inda mijina ya ce ko da wasa kada in leƙa.

Can na hango shi a wuyan wani ƙato, yana shan lemo.

"Ƙanwata, share hawayenki," in ji ƙaton. "Muna ganin fuskar muka gane ɗan wane ne. Ubansa ne ya ɓarar da fenariti bara, muka ɗauki kofi. Har gida za mu raka ku!"