Hoton da Ya Ƙi Yin Kyau

"Ɗago haɓarki kaɗan," in ji Ja'afaru mai hoto. Yagana ta ɗago. Ya jira sai da ta ƙifta ido, sannan ya danna.

Hoton ya fito kamar na mai jin barci. Na makon jiya duhu ya yi, na kafinsa kuwa rabin goshinta babu. Duk Yelwa an san Ja'afaru ba ya ɓata hoto, ko na ɗalibai masu gaggawar fasfo. Amma wannan hoton, in ji Yagana, wani saurayi za a tura wa a Abuja, shi kuwa Ja'afaru ya daɗe yana son Yagana, ya kasa faɗa. Da gangan yake ɓata aikin, ko da sunan shagonsa zai zube.

"Kyamarar ce take ba ni matsala," ya ce yana sosa ƙeya. "Ki dawo jibi."

Yagana ta kalli hoton, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ja'afaru, kai ba ka gajiya? Babu wani saurayi a Abuja. Ni na ƙirƙiro shi don in ga yadda za ka yi. Tun ranar da ka yanke mini goshi na samu amsata."

Ya ajiye hoton yana murmushin kunya.

Ta gyara mayafinta, ta koma kan kujera. "Kunna fitilar nan, ka ɗauke ni da kyau. Wannan Innarka za ka kai wa."