Boris na Huɗu

Karo na huɗu ke nan boris ɗin injin niƙan mahaifinta, zoben ƙarfen da sandar shaf ke juyawa a cikinsa, yana cinyewa, kullum ta gefe ɗaya.

Ta gaji. Mako uku tana ɗura wa manhajar lissafi lambobi: kaurin shaf, gudun inji, nauyin masarar da matan unguwar Nima ke kawowa olonka-olonka, wato mudu-mudu. Amsar kwamfuta ba ta canjawa: boris zai yi shekara shida. Ga shi ko wata biyu ba ya kaiwa.

"Injiniya," in ji tsohon yana dariya, "ko dai akwatin naki ne ya ruɗe?"

"Baba, lissafi ba ya ƙarya. Akwai nauyin da ban gani ba."

Ranar Asabar ta zauna kan buhu, kwamfuta a cinya, ta zuba ido. Masu koko suka yi layi. Ya tada inji yana barkwanci da kowa, a tsaye, kamar yadda ya saba shekara arba'in. A wurinsa, mai niƙa ba ya zama a gaban mata.

Kafin azahar gwiwoyinsa suka fara rawa. Ya saci kallon layin, ya jingina da ƙarfen da ke ɗame bel, ya sakar masa jikinsa duka. Bel ya ɗame, boris ya soma kuka.

Ta duba manhajar. Akwai gurbin zafi, akwai na gudu, babu na tsufa.

Ta rufe kwamfutar, ta je ta tsaya a gefensa, daidai inda kafaɗarta za ta tare shi a maimakon ƙarfen.