Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Da jan biro Dakta Falalu ya soke layin, ko rula bai nema ba. Lamba 217. Awon jinin mutumin ya kai ɗari biyu da arba'in, sukarinsa kuwa ya wuce misali. A gurbin shekaru an rubuta sittin da shida.

To, a masaƙar nan ta Sharada ba a barin ma'aikaci ya haura hamsin da biyar. Wannan ya ishe shi hujja. Kuskuren Sista Rahila ne, nas ɗin da ta yi awon ita kaɗai ranar da ya tafi taro Zariya. Haka ya faɗa wa kansa, ya maimaita har ya kusa yarda.

Gaskiyar maganar, tun farkon 1982 yake auna ma'aikata ɗari uku, yana so ya nuna wa duniya cewa mai aikin ƙarfi ba kasafai hawan jini da ciwon sukari ke kama shi ba. Komai ya tafi yadda yake so, sai wannan mutum guda. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, Falalu kuwa ba ya son garinsa ya ɓaci.

Ƙa'idar binciken mai sauƙi ce. Shi lambobi kawai yake gani, sunaye na cikin rajista a hannun Rahila. Duk wanda awonsa ya yi sama, zai ba ta lambarsa, ita kuma ta aika wa mutumin takarda ya zo asibiti. Lambobi goma sha ɗaya ya ba ta. Ta sha biyun ta tafi da jan biro.

Binciken ya fito a wata mujallar likitoci ta ƙasar waje. Aka yi masa ƙarin girma, abokai suka ci kaza. Ya ɗauki kwafi ɗaya ya kai Dorayi, wurin mahaifinsa Malam Ashafa, mai karantar da manya a zaure. Falalu ɗan fari ne, saboda haka tsohon bai taɓa kama sunansa ba, balle ya tambaye shi aikinsa. Ya juya mujallar sau ɗaya, ya ce Allah ya sa albarka, ya koma kan littafinsa. Abin ya sosa wa Falalu rai, amma ya haɗiye.

Bayan wata biyu tsohon ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar la'asar. Kafin a sami mota, rai ya yi halinsa.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ajali ne, ai ko ciwon kai bai yi ba. Falalu dai likita ne, ya san jini ba ya kayar da mutum sai ya daɗe yana gargaɗi. Amma yaya zai yi da uban da bai taɓa yarda ya miƙa masa hannu ya auna ba? Wannan ba laifinsa ba ne. Laifinsa na can wani wuri, yana yawo da ƙafa biyu. Wani mutum, uban wasu, yana ɗauke da ɗari biyu da arba'in a jijiyoyinsa, ba wanda ya gaya masa. Tun daga zaman makokin nan abinci ya daina yi masa daɗi. Ya ji kunyar kansa, ya ji tsoron Allah, ya ƙudura sai ya nemo mutumin tun da sauran lokaci.

Neman bai zo da sauƙi ba. Masaƙar ta sallami rabin ma'aikatanta, kayan aiki sun yanke. Garba mai gadin ƙofa ya aika shi Challawa, wurin wani dattijo da ya koma majema. Ya je, ya auna shi a tsaye cikin warin fata, ya tarar jininsa ya fi na likitan kyau. Ya bi wasu uku har Na'ibawa, duk ba su ba ne. Sati biyar ya yi kafin ya ji labarin Rahila ta koma ɗakin shan magani na wani kamfanin alewa a Bompai.

Ya same ta tana wanke almakashi. Bai yi kwana-kwana ba, ya faɗa mata abin da ya yi da jan biro. Ta ajiye almakashin, ta buɗe loka ta ɗauko rajistar.

"Na tuna shi, Dakta. Ba ma'aikaci ba ne, roƙona ya yi. Sai da ya tabbatar ba ka nan ya zauna. Na ce masa in da matsala, kai da kanka za ka sa a aika masa takarda."

"Me ya ce?"

"Murmushi ya yi, ya ce in dai wannan likitan ne, ba zai yi sake ba. Sau biyu ya dawo tambaya, na ce lambarsa ba ta cikin waɗanda ka ba ni."

"Ba ni adireshinsa, Sista. Yau zan je."

Ta juyo masa rajistar, ta ɗora yatsa a kan layin. Ma'aikatan duk dangwale suka yi, wannan kuwa da ajami ya sa hannu, da kyakkyawan rubutun nan da ya koya wa Falalu baƙi da wasali da shi: Ashafa, Dorayi.