Sigarin Nasir

Tabon bai fi ƙwayar riɗi girma ba, amma Ustaz Abduljalil ya hango shi tun daga bakin ƙofar masallaci. Baƙi ƙirin, a tsakiyar sabon katakon da ke gaban motarsa, dab da agogon mai.

Ustaz ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da kimiyya a wata makaranta a unguwar Aziziyya ta Jidda, kuma bai taɓa barin kuskure ya wuce ba a sa masa jan biro ba. Da ya yi ritaya, sai ya juya kan motar da mahaifinsa ya bari: tsohuwar ƙirar Ingila, koriya, mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a baya. Injin lafiya lau. Cikin ne rana ta cinye. Fatar kujeru ta tsage, allon gaba, wanda a nan ake ce wa tablon, ya ɓare kamar busasshiyar gurasa.

Nasir ne ya karɓi aikin, wani Bahaushen Sudan da ke gyaran cikin motoci a warshar Abu Yazan, wato wurinsa na gyaran motoci, a unguwar Madain Fahd. Ya kwance agogunan ɗaya bayan ɗaya, ya goge katakon da samfefa, ya shafa warnish, ya bari ya bushe, ya sake shafawa har zanen itacen ya fito launin zuma. Ya ɗinke kujerun da jar fata.

Ranar karɓar mota, Ustaz ya zo da gilashinsa mai ƙara girman abu, wanda ya yi zamani da shi a aji. Ya bi ɗinki, ya bi gefen kowane agogo, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Bai sami komai ba, abin da ya ɗan ɓata masa rai. Ya rataye gilashin da igiyarsa a madubin tsakiya, inda wasu ke rataye carbi, don binciken bai ƙare ba. Ya naɗe rufi ya tafi Juma'a yana ɗaga wa mutane hannu.

Daga masallacin kuwa warsha ya zarce.

"Wannan ƙuna ce," in ji shi. "Tokar sigari ce ta faɗa a warnish, aka rufe, yanzu ta fito."

"Wallahi ya Ustaz, ban taɓa sa sigari a bakina ba."

"Haka kowane ɗalibi yake cewa."

Nasir ya kwance allon, ya goge, ya sake shafawa a cikin inuwar warsha. Aiki ya fito tas. Ustaz ya duba da gilashi, ya mayar da shi mazauninsa, ya tafi.

Juma'a ta zagayo, tabo ya dawo. Wannan karon ya matsa kusa da akwatin ajiya.

A gida, matarsa Mastura ta ce ko idon mahassada ne, a yi wa motar turaren wuta. Ustaz ya ce duk wanda ya kusanci katakon nan da garwashi, su haɗu a kotu. Ya kulle motar a gareji ya zuba mata ido. Sati guda ba tabo. Wannan ya tabbatar masa da ra'ayinsa: tokar tana ɓuya, sai an fita cikin jama'a take tona asirin mai ita.

Ya buga wa Abu Yazan waya, wanda shi ne kafilin Nasir, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Abu Yazan mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya ce halas, shi ke nan, in aka kawo masa tabo na uku ya gani da idonsa, Nasir ya nemi wani wurin aiki, iƙamarsa ma, takardar izinin zama, ya nemi mai sabunta masa.

Nasir ya sake gyarawa. 

Tabo na uku ya fito a unguwar Ruwais, lokacin da Ustaz ya shiga cin kifi ya bar motar a bakin titi.

Washegari bayan azahar ya iso warsha da farar jallabiya mai guga, Mastura a gefensa a matsayin shaida, ko da yake ita cewa ta yi iska ta fito sha. Ya ƙi shigar da motar ciki. Ya tsayar da ita a fili, bayanta ga rana, rufi a naɗe, don kada wani ya ce duhu ne ya hana shi gani.

"Yalla, kowa ya matso," in ji shi. "Ban da kai, Nasir. Tsaya can, hannu a baya."

Nasir ya tsaya jikin bango kamar ɗan aji biyu. Abu Yazan ya sunkuya kan tabon yana share gumi. Ustaz ya gyara murya ya fara bayani daga tushe: menene warnish, menene toka, menene amana. Ya nemi a gyara allon a wata warsha, a ba shi haƙuri a gaban ma'aikata, a kuma ɗauki matakin da aka yi alkawari.

Yana cikin batun amana Mastura ta shaƙi iska.

"Abu Haifa," ta ce wa mijinta, "ga sigarin Nasir can an kunna."

Kowa ya duba. Wani siririn hayaƙi yana tashi daga katakon, ɗan nesa da tsohon tabon, Nasir kuwa yana can jikin bango bai motsa ba. A gindin hayaƙin akwai ɗigon haske fari fat. Abu Yazan ya bi hasken da ido a hankali, sama, sama, har zuwa madubin tsakiya, inda gilashin Ustaz yake rataye yana tattara ranar Jidda wuri guda, daidai yadda mai shi ya sha nuna wa yara a kan takarda.