Ƙofar Firij da Kunnen Auta

Sana'arsa walda ce, amma a layinsu Injiniya ake ce masa, don ya rantse mai gyara ba zai taka gidansa ba muddin yana da hannu biyu. Mu magidanta da muka haura arba'in mun san wannan ciwo. Ni ma akwai fanka biyu a ƙarƙashin gadona, suna jiran in tuna yadda na kwance su.

Firij ɗin gidansa ya shekara shida yana aiki. Ƙofarsa irin mai rufe kanta ce: ka ɗauki ruwa, ka ture ta da gwiwar hannu, ka yi gaba, ita ta ƙarasa sauran. A ciki ake ajiye allurar ciwon sukarin tsohuwarsa, wadda likita ya ce kada zafi ya taɓa ta.

Laifin ƙofar ɗaya ne, in za ta rufe sai ta ce ƙas. Wata rana ba aiki a shago, ƙarar ta shiga masa kai. Ya sauke ƙofar, ya leƙa hinjin ƙasa, ya ga wata 'yar roba mai tudu kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce ga ɓarnar nan. Ya sa magagari ya gurje tudun har ya yi sumul, ya shafa giris, ya mayar da ƙofa. Ƙara ta ɗauke. Ya kira matarsa ta zo ta ga aiki, ya ce da masu kamfanin sun san shi da tuni sun aiko masa da mota. Ta ce Allah ya ƙara basira, ta koma wankinta.

Kwana biyu bayan haka aka tarar da ƙofar a buɗe, faɗin yatsa biyu. Ya tara gidan ya yi faɗa. Matarsa ta ce ita dai kamar tun ranar gyaran nan ƙofar ta canja hali. Ya tambaye ta yaushe ta fara walda. 

Karo na biyu ƙofar ta wuni a buɗe, mai kantin magani ya ce a zubar da allurar a sake wata. Injiniya ya nuna Auta da yatsa, 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya, don ita ce mai yawan zarya wurin ruwan sanyi. Ta rantse tana rufewa. Ya ce ta sake, za ta ga yadda ake rufe abu.

Karo na uku ya dawo da la'asar, kansa ya ɗau zafi, wani da ya ba shi aikin ƙofar gida ya zage shi a gaban mutane. Yana shiga kicin ya taka ruwa. Firij a buɗe, kwalbar allura ta yi ɗumi. Ga Auta a bakin ƙofa da kofi a hannu.

"Baba, wallahi na tura ta."

Bai bari ta ƙarasa ba. Hannun da ya shekara ashirin yana lanƙwasa rodi ya sauka a kunnenta na hagu. Kofin ya tashi ya bugi bango. Ta faɗi, kanta ya haɗu da kusurwar teburin kicin, ya fizgo ta da wuyan riga ya ƙara mata. Ya zare wayar dutsen guga daga soket ya shiga zabga mata, yana tambaya wa zai kashe masa uwa. Matarsa ta faɗa a tsakani, wayar ta tsaga mata leɓe, ya hankaɗe ta ta bugu da murhu. Tsohuwa ta rarrafo daga ɗaki tana cewa, "Ɗan nan, in don ni ne, na yafe allurar." Bai ji ba.

Abin da ya tsayar da shi shi ne yarinyar ta daina kuka. Tana zaune cikin ruwan firij, jini na bin wuyanta daga kunne, tana kallon bakinsa kamar mai son gane me yake faɗa.

A asibiti likita ta ce dodon kunnen ya fashe, abin ya taɓa har ciki, da wuya ya sake ji. Ta tambayi me ya sami yarinyar. Ya ce faɗuwa ta yi. Likitar ta dubi shatar waya a bayan Auta, ta dube shi, ta rubuta abin da ta rubuta.

Washegari ya koma gida ɗauko musu kaya. Ba kowa, tsohuwa ma tana gidan ƙanwarsa. Ya buɗe firij ya sha ruwa, ya ture ƙofar da gwiwar hannu kamar kullum. Ya kai bakin kicin ya waiwaya.

Ƙofar tana tsaye, faɗin yatsa biyu.

Ya dawo ya sake turawa. Ta sake tsayawa. Sau biyar.

A ranar mai gyaran firij ya taka gidan karon farko. Ya sauke ƙofar, ya ɗaga robar a haske, ya yi tsaki. Ya ce wannan tudun shi ne dukan dabarar: in an buɗe ƙofa tana hawa kansa, in an sake ta nauyinta ya gangaro da ita ta rufe, ƙarar kuwa shaidar ta zauna ce.

"Maigida, wane jakin ne ya gurje maka shi?"

Injiniya ya ce wani ne. Mai gyara ya ce to kada ya ƙara barin wanin nan ya taɓa masa ko da tocila.

An sa sabuwar roba. Yanzu ƙofar tana rufe kanta, tana cewa ƙas kamar da. Kowa a gidan yana ji, ban da Auta in ta ba firij hagunta. In uban yana gida, ruwan famfo take sha.

Jama'a, abin da ba ka san amfaninsa ba kada ka gurje shi, wanda ba ka bincika laifinsa ba kada ka ɗaga masa hannu. Robar hinji tana da shago. Kunnen ɗa ba ya da shi.