Gindin Naman Kaza

Nuhu ya kwance hankici a kan bencin Baba Wilson, tsohon ma'aikacin gandun daji da ke zaune a unguwar Television, ya roƙi a faɗa masa sunan naman kazan da ke ciki. Ba sunan ne ya dame shi ba, shaida yake nema a kan mahaifiyarsa.

Bara, ranar da sojoji suka miƙa mulki, duk unguwar Kakuri na manne da rediyo, Mama ta yi musu miyar naman kaza. Manya suka yi amai na kwana biyu suka miƙe. Hadassah, 'yarsa mai shekara huɗu, ba ta miƙe ba. Ana gama binne ta ya sa tsohuwar a motar ƙauye, ko a sauka lafiya bai ce mata ba. Tun daga nan take aiko masa cewa ita ba ta taɓa kuskuren naman kaza ba. Shi kuwa ɗan birni, sai mai takarda ya faɗa yake yarda. Don haka da ruwa ya sauka ya nufi surin da take cira, a dajin bayan Unguwar Boro.

Baba Wilson ya shinshina, ya juya, ya ɓata fuska.

"Wa ya yanke masa gindi?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ɓata aiki. Duk da haka na gane shi, na suri ne, abinci ne mai kyau. Matanmu tono shi suke yi da tsinke har doguwar jelarsa ta fito, don a gindi ake rarrabewa. Akwai wani fari mai kama da shi a ƙarƙashin itatuwa, gindinsa kamar a cikin 'yar jaka. Wannan kisa yake yi. In aka yanke gindin, ko ni ban cika raba su ba. Shi ya sa macen da ta san daji ba ta shiga da wuƙa."

Nuhu ya lalubi bencin bai samu ba, ya zauna a ƙasa. Shekara guda yana ƙin uwar da ta haife shi, yanzu ga baƙin cikin ya rasa wurin zuwa.

Bara, safiyar ranar miyar nan, a ƙarƙashin itatuwa ya ga wasu farare tas, ya yanko su da 'yar wuƙarsa, ya zuba cikin kwanon da Mama ta riga ta gyara nata, bai faɗa wa kowa ba, don kawai miyar ta ishi Hadassah ta ƙara.